Baƙon Tebur na Bakwai

Kati ɗai-ɗai aka ba su. Ranar Asabar ce, ana dab da tashi daga aji, Malama ta bi layi tana ajiyewa a gaban kowane ɗalibi, fari mai kauri, da tambarin jami'a a sama da wurin rubuta suna a ƙasa. Ta ce jarrabawar ƙarshe ta aikin tebur saura mako uku, a ɗakin cin abinci na sashen za a yi, kuma kowa zai zo da baƙonsa, mutum ɗaya, daga gida.

"Ba na son maƙwabci ko abokin yawo," in ji ta. "Wanda ya san ka tun kana yawo ba wando nake so. Yi wa bare hidima ba wuya, a gaban naka ake gane ma'aikaci. Da ya shigo ƙofar can, ba babanka ba ne, ba ƙanwarki ba ce, baƙo ne. Wanda ya zauna, ko ya jingina da kujera, ko ya tsaya hirar gida, ya faɗi."

Aji ya kaure da surutu. Wata ta ce kati ɗaya ai haɗa faɗa ne, in ta kawo mamarta babanta zai yi fushi. Wani ya ce shi kakarsa zai kawo, don ba ta gani sosai, ko ya zubar da miya ba za ta tona ba. A kujerar ƙarshe kusa da taga, wani mutum ɗan shekara arba'in da bakwai ya ɗauki nasa da yatsu biyu ya sa a aljihun gaba. Shi ba zaɓi ne ya dame shi ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san shi ba wando, wato wansa, kuma shekara tara ke nan maganarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

A aji Kawu suke ce masa. A otal ɗin da yake aiki kuwa sunansa Wanki-da-guga, saboda ko wuni ya yi yana kai-kawo tsakanin kicin da tebura, farar rigarsa sai ka rantse yanzu aka ɗauke dutsen guga daga kanta. Da sunan ya yi wa mutane tsawo suka rage shi ya koma Guga. Sabbin ma'aikata kan ɗauka na rijiya ake nufi, shi kuma bai taɓa ɓata bakinsa wajen gyara musu ba.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga otal ɗin, ta ƙofar baya, wajen wanke-wanke. Shekara uku hannunsa na cikin ruwan zafi, har fatar yatsunsa ta daina jin ƙuna. Ranar da wani mai kai abinci ya kwanta ciwo aka rasa wanda za a tura, aka ara masa farar riga. Bai sake komawa bakin famfo ba. Ya iya ɗaukar faranti huɗu a hannu ɗaya. Daga yadda baƙo ya riƙe takardar abinci yake gane mai jin yunwa da mai jiran wani. Ya san likitan nan da ba ya son sukari a shayi, ya san matar da sai kusa da taga take zama, ya san dattijon da ke son a tambaye shi ya ƙafa. Cikinsu babu wanda ya san sunansa. Mai kirki ya ce "malam", mara kirki ya ƙyasta yatsa, duk yana amsawa da fuska ɗaya.

Ya taɓa aure, shekara huɗu. Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba. Wata rana matar ta ce masa, "Kai kullum bakinka sannu da zuwa, ni kuma kullum jiran zuwanka nake." Suka rabu ba ɗa ba jika. Tun daga nan yake zaune a ɗaki ɗaya a saman shagon wani tela, da gado mai zanin da aka ja ya yi sumul irin na otal, da dutsen guga, da fararen riguna uku a rataye. In ya shigo ya rufe ƙofa, sai ƙarar keken tela daga ƙasa.

Abin da ya raba shi da wansa kuwa, ba gado ba ne, ba mace ba ce. Mahaifiyarsu a gidan Yaya take zaune, can ɗaya gefen gari, mota biyu ake shiga. Ta daɗe tana jinya, yau sauƙi gobe tsanani, har an saba. Wata Laraba da hantsi Yaya ya kira ya ce jikin Inna ya motsa, ya zo. Ranar kuwa mutum ɗari biyu ake jira a abincin rana na wani taro. Guga ya ce to, bari a tashi daga abincin. Ya jefa wayar cikin loka kamar yadda dokar aiki ta ce, ya murza makulli. Ƙarfe uku da rabi ya buɗe lokar ya tarar da kira goma sha ɗaya. Ko da ya isa, an dawo daga kai ta.

Yaya bai daka masa tsawa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube shi daga baƙin takalmi har farar riga, ya ce, "Baƙin naka sun ƙoshi?" Shi ke nan. Daga ranar, in sun haɗu a wata hidima ta dangi sai hannu da hannu, lafiya lau, lafiya lau. Da can Yaya kan tsokane shi da cewa aikin boyi-boyi yake yi. Yanzu ko tsokanar babu, kuma ita ce Guga ya fi jin kewa.

Maganar jami'a daga baya ta zo. An kawo wani matashi mai digiri aka ɗora shi shugaban ɗakin cin abinci, Guga ne ya koya masa naɗa adiko da inda ake tsayawa in za a zuba ruwa. Bayan wata biyu matashin ya kira shi ofis yana yi masa bayanin yadda ake murmushi. Guga ya saurara har ƙarshe, ya ce na gode. Washegari ya tono takardarsa ta sakandare daga ƙasan akwati, ya sake zana darussa biyu da ya faɗi tun shekarun baya, ya samu gurbi a karatun ƙarshen mako, sashen kula da otal da karɓar baƙi.

Babban kuku da ya ji labari sai da ya ajiye ludayi don dariya. "Yanzu karɓar baƙi ma sai an je jami'a? Kujera da ruwan sanyi ba su isa ba? To Farfesa, in ka gama sai ka zo ka koya wa tukunyata tafasa."

Shekara huɗu ya yi yana wannan zirga-zirga, kwana biyar yana tsaye a otal, kwana biyu yana zaune a aji cikin sa'o'in 'ya'yan da bai haifa ba. Ba wanda ya taɓa yi masa rashin kunya. Suna rusunawa su gaishe shi, sannan su matsa kujera biyu gaba su ci gaba da hirarsu. An sa shi a rukunin 'yan aji na waya, inda ake tura jadawali da sanarwa. Sai a shekara ta uku ya gane akwai wani rukunin, inda ake dariya, kuma ba ya ciki. Bai ga laifinsu ba, amma ranar ya daɗe yana goge takalmin da ba shi da ƙura.

Karatun ma ya ba shi wuya ta inda bai zata ba. Kwamfuta ta wahalar da shi, yatsun da ke riƙe tambulan shida ba sa iya samun harafi ɗaya sai sun lalube. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, duk abin da yake yi da hannu shekara ashirin da biyar ashe yana da suna a littafi, har da zane da kibiya. Yakan karanta shafi uku cikin gumi, sai a ƙarshe ya gane cewa ake yi kada ka bar baƙo yana waige-waige. Amma in aka shiga ɗakin gwaji aka shimfiɗa ƙyallen tebur, nan fa sai kallo ya koma kansa. Malama, wadda ba ta cika yabo ba, takan ce, "Ku daina kallona, ku kalli hannun Kawu."

Kwana goma sha biyu katin na aljihunsa. Ya yi tunanin ba wa tela ya ce ƙanin mahaifinsa ne. Ya yi tunanin babban kuku, wanda ko ba komai zai cinye abincin tas. Malama ba za ta bincika ba. Gaskiyar magana, ba makin ne a ransa ba. So yake Yaya ya zauna sau ɗaya tak ya ga aikin da idonsa, ya ga cewa ƙaninsa ba a kan shirme ya ƙarar da ƙuruciyarsa ba. Bai sa ran yafiya ba. In aka samu ko tsohuwar tsokanar ce ta dawo, ta ishe shi.

Ran Alhamis da safe, ranar hutunsa, ya shiga mota biyun. Yaya kafinta ne, shagonsa na bakin titi ƙarƙashin rumfar kwano. Ya tarar da shi ya duƙa kan wani dogon katako yana gogewa, fensir a bayan kunne, furfura ta cinye gemun. Guga ya yi sallama. Yaya ya amsa bai ɗago ba.

"Yaya, ina kwana. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki?"

"Ga shi muna taɓawa."

Yaya ya ci gaba da goge katakonsa. Guga ya tsaya da hannu a baya, ƙurar katako na sauka kan baƙin takalminsa. Duk maganar da ya tsara a mota ta gudu. Ya ciro katin ya ajiye a gefen benci.

"Karatu nake yi, Yaya. Na jami'a. Za mu yi jarrabawar ƙarshe ran Asabar ta sama, ƙarfe ɗaya. An ce kowa ya zo da nasa." Ya ƙara da cewa, "Abinci kawai za ka ci."

Yaya ya dakata, ya kalli katin daga nesa kamar mai duban katakon da bai yarda da shi ba. Sannan ya ɗauki gwangwanin ƙusa ya ɗora a kai don kada iska ta kwashe.

"Na gani," in ji shi, ya koma kan aikinsa.

Da wannan "na gani" Guga ya rayu kwana tara. Wani lokaci ya juya ta ta zama zan zo, wani lokaci ta zama ka ɓace mini da gani.

Ranar jarrabawa an jera tebur goma sha biyu, kowanne da lamba. Na bakwai aka ba shi, a tsakiyar ɗaki. Ya shimfiɗa ƙyalle ya daidaita kusurwoyi, ya jera wuƙa da cokula, ya ɗaga tambulan ga haske ya sake gogewa. Tun ƙarfe ɗaya saura baƙi suka fara shigowa, iyaye mata da ƙamshin turare, iyaye maza suna gyaran murya, har da kakar nan da ba ta gani sosai, tana tambaya da ƙarfi ko nan ne asibitin. Ɗalibai na ta danne dariya suna ja wa iyayensu kujera. Tebura goma sha ɗaya suka cika. Guga na tsaye kusa da nasa, adiko a hannun hagu, ido a ƙofa.

Ƙarfe ɗaya da minti goma Malama ta matso da takardar maki a hannu, ta rage murya. "Kawu, in ya kai da kwata bai zo ba, zan sa a kira maigadi ya zauna maka. Ba zan rage maka komai ba."

"To, Malama. Na gode."

Bai rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Yaya ne, cikin kayan da ake gani an ciro su daga ƙasan akwati, layin ninki na nan a kafaɗa, ya riƙe katin a hannu kamar za a hana shi shiga. Ya tsaya yana kallon fitilu da fararen tebura. Ƙafafun Guga sun san aikinsu. Suka kai shi ƙofa, ya ɗan rusuna, ya nuna hanya da buɗaɗɗen hannu, ya ja kujera.

Yaya bai zauna nan take ba. Ya dafa teburin ya girgiza, ya leƙa ƙasa ya shafa mahaɗar ƙafar. "Wanda ya yi teburin nan bai ji tsoron Allah ba," in ji shi. Ya ninke katin gida huɗu ya cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya sake girgizawa, sannan ya zauna. Guga ya ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Rabon da ya ji wannan muryar tana mita, har ya manta daɗinta.

Aka fara. Ya zuba ruwa ta dama, ya kawo burodi da romo ta hagu. Yaya ya zuba wa cokula uku ido, ya rasa na ɗauka. Guga ya yi kamar yana gyara ƙyalle, ya tura na ƙarshen da ɗan yatsa ya ɗan fito gaba. Yaya ya ɗauka, ya saci kallonsa. Daga nan bai daina kallonsa ba. Ya ga yadda faranti ke sauka ba ƙara, yadda ruwa ke ƙaruwa kafin a nema, yadda mutum zai ɓace ya bayyana daidai lokacin da ake bukatarsa. A tebur na shida wani ɗalibi ya kifar da tambulan a cinyar babansa, a na tara cokali ya faɗi ƙasa. Yaya ya duba can, ya dubo nan. Mai aikin hannu ba a yi masa bayanin aikin hannu.

"Ashe haka kake yi," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake.

Guga ya ji maganar har tafin ƙafarsa. Ya kwashe kwanon romo ya nufi kicin, a can ya tsaya bayan ƙofa ya ja numfashi biyu kafin ya ɗauko babban faranti, shinkafa da kaza da ganye a gefe. Lokacin da ya fito, Malama ta gama da tebur na shida ta dawo bayansa, taku uku tsakaninsu, biro a kan takarda.

Ya ajiye farantin, ya juya shi naman ya fuskanci baƙo. Yaya ya daɗe yana kallon abincin. Ya ɗauki cokali ya yi ɗan motsi da shi a ciki. Sannan ya sa ƙafa ya turo kujerar da ke gefensa, ta yi ƙara a kan tayil.

"Auta," ya ce. "Zauna."

Shekara tara ba wanda ya kira shi da wannan suna. Inna ce da Yaya kaɗai ke faɗinsa. Da an ba shi daƙiƙa biyu ya yi tunani, wallahi da ya zauna, maki ya tafi duk inda za shi. Amma baƙi sun sha ce masa ya zauna, masu kirki da masu maye, sau ɗari ko fi, kuma bakinsa ya daɗe da haddace amsar. Kafin zuciyarsa ta motsa, bakin ya riga ta.

"Na gode, yallaɓai. A ci lafiya. Ko akwai abin da za a ƙaro?"

Har da ɗan rusunawar, har da murmushin.

Ya ji kalmar ta fita, ya ga ta isa. Fuskar Yaya ba ta canza ba, hannun ne kawai ya tsaya da cokali a sama.

"Yallaɓai," Yaya ya maimaita, yana gyaɗa kai. "To."

Guga ya buɗe baki, sai ya ji biron Malama na tafiya a bayansa, sai kuma ya rasa ta inda zai kamo maganar. Ya ja da baya taku biyu kamar yadda littafi ya ce, ya tsaya. Daga nan yake kallon ƙeyar wansa, da furfurar da ke bayan kunne, da kafaɗun da suka fara ranƙwafawa. Yaya ya ci abincinsa a natse, bai ƙara ɗagowa ba. Bai jira kayan zaƙi ba. Ya goge hannu da adiko, ya ninke shi da kyau ya ajiye, ya miƙe.

Guga ya raka shi ƙofa, don haka dokar take. A bakin ƙofar Yaya ya juyo ya dube shi, ba fushi a idon, gajiya ce kawai.

"Sannu da aiki, malam," in ji shi. Ya fita.

Da ya dawo tebur, Malama ta raɗa masa, "Shekara goma sha ɗaya ina wannan jarrabawa, ban ga wanda ya riƙe kansa kamarka ba. Kwashe kayan, a gama lafiya." Ta koma gefe tana jiran ta ga kwasar, don ita ma da makinta.

Ya zagayo ta dama ya kai hannu zai ɗauki farantin, sai hannun ya tsaya. Ya kwashe farantai sun fi a ƙirga, ya san ragowar mai ƙoshi, ya san ta wanda abinci bai yi wa daɗi ba. Wannan ba ko ɗaya ba ce. An ja layi da cokali a tsakiyar shinkafar, miƙaƙƙe kamar da ma'auni. Ɓangare ɗaya an cinye tas, ɗayan ba a taɓa ko ƙwaya ba. Haka Yaya ke raba musu kwano suna yara, ya ja layi ya ce wanda ya tsallaka a bakin kunnensa. A wancan zamanin cinyar kaza ba ta taɓa faɗowa ɓangaren Auta ba, ko da kuka ko da roƙo. Yau ga ta nan a ɓangarensa, an ɗora ta a kan shinkafar.

Kujerar na nan a karkace inda ƙafar Yaya ta turo ta. Guga ya ajiye adikon hannunsa a kan tebur, ya zauna.

"Kawu!" ɗalibar tebur na takwas ta yi raɗa, ido waje. "Ba a tashi ba fa!"

Bai waiga ba. Ya ji biron Malama ya tsaya, ya ji ɗakin ya yi tsit tebur bayan tebur. Ya jawo farantin gabansa, ya ɗauki cokalin da Yaya ya ci da shi. Shinkafar ta huce, amma ya ci gaba da ci, yana fuskantar kujerar da ba kowa. Cinyar ya bari sai ƙarshe.